Daminar da Aka Wasa wa Ɗan Sheme Wuƙa

Bana ruwa ya nuna mana halinsa. Ya sauka da wuri, kowa ya ruga ya yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa har gero ya fara murɗewa, aka fita roƙon ruwa, sannan ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Jiya da hantsi ina zaune a zaurena nan Katsina, an yi ruwan safe, rana ta buɗe da zafin nan mai sa gumi, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya bugi hancina. Nan take hankalina ya koma ƙauyenmu Mabai, ya koma wata damina da ta yi mana irin wannan wasa, lokacin ina saurayi, muna ƙarƙashin Kaduna, kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa.

Mutane suna ce mini Dakta, ni kuwa ba na hana su, don na sha wuya kafin in sami sunan. Amma ba ta ƙofar da kowa ya sani na shiga aikin likitan dabbobi ba. Makarantar horon malamai na yi. An koya mana tsayuwa gaban allo da yadda ake lallashin yaro ya riƙe fensir. Kimistiri da fiziks kuwa sai dai mu ji sunansu, ko ɗakin gwaje-gwaje ba mu da shi. Ni kuma tun babban farin da aka yi kafin wannan lokaci, da na ga Baba yana yanka shanunsa ɗaya bayan ɗaya don kada su yi mushe, na sa wa raina aikin dabbobi. Da na je tambaya aka duba takarduna, aka ce ba ni da kimiyya, in koma in riƙe allina. Na yi kwanaki ba na jin daɗin abinci, kuma har yau in na tuna fuskar mutumin da ya gaya mini haka sai raina ya ɓaci.

Malam Sada ne ya nuna mini ƙofar baya. Shi ne malamin dabbobi a Ƙanƙara, dogo, mai faɗa, mai tsohon babur da ake jin kukansa tun daga nesa. Ya ce gwamnati ta sami kuɗi, ana ta buɗe ofisoshi, ba ma'aikata. Makarantar koyon aikin dabbobi ta fara ɗaukar irinmu marasa kimiyya, in dai mutum ya yi aiki da hannunsa ƙarƙashin wani ma'aikaci har ya ba da shaida a kansa. In ka yi kyau a can, sai a tura ka share fage ka koyi kimiyyar da ka rasa, daga nan sai jami'a.

"Hanya ce mai nisa, Rabe," ya ce da ni. "Kuma ban sani ba ko baɗi tana nan buɗe. Abin gwamnati ne. In za ka shiga, ka shiga bana."

Na fara bin sa ranakun da ba makaranta, da aka yi dogon hutu kuma na koma bin sa kullum. Ni ne ɗaukar jaka, ni ne dafa allurai, ni ne shan harbin maraƙi.

Saura gida. Mu gandu muke, ni da ƙanena Lawal ƙarƙashin Baba, Malam Mani. A da in aiki ya yi yawa sai a kira gayya, a dama fura, samari su cika gona. Amma a shekarun nan samarin sun bi motocin kwangila zuwa Kaduna da Legas, suna dawowa da rediyo da agogo da wando mai faɗin ƙafa. Ka kira gayya sai ka ga tsofaffi da guragu. Abin da ya riƙe gandunmu shanun huɗa ne guda biyu, Baƙi da Ɗan Sheme. Shi Ɗan Sheme a kasuwar Sheme Baba ya sayo shi bayan farin, da abin da ya rage masa a duniya. Fari ne mai dogon ƙaho, ga ƙarfi ga kwaɗayi.

Da na kai wa Baba maganar, ya ci gaba da goge garma. Can ya ce, "Ni ban hana ka biɗar ilimi ba. Muddin shanun nan biyu na tsaye, ni da Lawal mun isa gandu, ka tahi. Ran da ɗaya ya hwaɗi kau, kai za ka shiga karkiya."

Ba wasa yake ba. Bayan farin, shanu sun yi tsadar da talaka ba ya ko taya su. Tun daga ranar nan na koma duba shanun nan fiye da yadda nake duba kaina. In Baƙi ya yi tari sai gabana ya faɗi.

Daminar ta zo da wuya. Mun yi shuka da ruwan fari, sai sama ta yi ƙememe. Kullum hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mata su kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da kallon juna. Gero ya ƙone a tsaye. Da ruwa ya dawo muka sake shuka da irin da Inna ta ɓoye a tukunya, wanda da ta bari da tuni mun cinye shi. Wannan ya ja girbi baya, rumbu kuwa ba ya jira. Kafin marka ta kankama, in Lawal ya shiga rumbu sai ka ji muryarsa tana amsawa daga ƙasa.

Albashina na malanta yana ɗan taimakawa, amma kuɗi sun yi yawa a gari, hatsi ya yi kaɗan, ga dangi kowa ya san gidan da ake da mai albashi. Inna ta koma auna mana gari da ɗan ƙoƙo. Tuwon dare ya zama fate-fate, fate-faten ya zama ganye da ɗan gari a kai don kada a ce babu. Tafasa, rama, yaɗiya, zogale, ba wanda ba mu ci ba. Gyaɗa ta ƙi a shekarun nan, ƙuli-ƙulin kwaɗo ma sai an yi dabara. Inna tana da kwalba guda ta man gyaɗa da ta tura can ƙarƙashin gado, ta ce ko wa ya mutu ba za a taɓa ta ba sai Sallah.

A cikin wannan hali azumi ya kama. Azumin marka ba ƙishirwa ce wahalarsa ba, yunwa ce. Mu yi sahur da ɗumamen abin da ya rage, mu yi Asuba, mu fita. Ni da Lawal mu yanko wa shanu ciyawa tun raɓa ba ta bushe ba, mu baza ta ta sha iska, a ɗaura karkiya a nufi gonar auduga, wadda ita ma ta makara. Baba na riƙe da garma, Lawal na jan igiya, ni ina bi da fartanya ina gyara kunya. In hantsi ya yi sai in wanke ƙafa in hau keke zuwa Ƙanƙara wajen Malam Sada, taɓo na kama taya, ina sauka ina turawa. In dawo gab da Magariba jiri na ɗibana. A sha ruwa da kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, wanda kana iya ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Nama kuwa, tun Babbar Sallah ba wanda ya ga ko ƙashi a unguwarmu.

Yanzu jikokina in an sha ruwa sai an jera musu kankana da ƙosai da ƙanƙara, su ɗanɗana su ture. A Mabai kuma, mutanen da suka rage sun ce ba mai son a ga sa a turkensa, don shi ke jawo baƙin da ba a gayyata ba, ɓarayin shanu. A lokacinmu shanu a bayan gida suke kwana, ba abin da muke tsoro sai cuta.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, ba mu fita huɗa ba. Jakar Malam Sada tana wurina, don washegari za mu shiga wata ruga kusa da mu, ya ce in riƙe ta in dafa kayan. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi tuɓus. Ɗan Sheme ya ja turkensa ya tumɓuke shi, ya faɗa gonar wake da ke bayan gida da yunwarsa, ya yi ta narkar jiƙaƙƙen ganye. Ba wanda ya lura sai da rana ta ɗaga.

Ina ɗaki ina aske gemun da bai gama fitowa ba na ji Lawal yana ƙwala mini kira. Na iske Ɗan Sheme tsaye ya ware ƙafafu, cikinsa ya kumbura ta hagu har ya fi gadon bayansa tudu, harshe a waje, yawu na dalala, yana nishi. Na buga cikin da hannu, ya amsa kamar ganga. Kafin in juya ya durƙusa, ya kife.

Na ruga ɗaki ɗauko jaka. Ban san yadda labari ke tafiya a ƙauye ba, amma kafin in kwance ta in nemo abin da nake nema in dawo, bayan gidanmu ya cika. Wanda bai san ƙauye ba zai ce mutane mugaye ne. Ba haka ba ne. A wurinmu in dabba ta faɗi, abu na farko da ake kira wuƙa ce, don in rai ya fita ba a yanka ba ta zama mushe, sai a ja ta a kai wa ungulu, mai ita ya tashi a tutar babu. In an yanka kuwa, ko ba komai a yi watanda, ya rage asara. Taimako suka zo yi. Sai dai kuma mutane ne masu azumi da suka yi wata da watanni ba su ga nama ba, kuma na ga idanunsu.

Sarkin Fawa, wani gajeren tsoho mai fara'a da ya san ni tun ina tsumma, har ya sa an ɗaure ƙafafun Ɗan Sheme, an kwantar da shi bisa ɓarinsa na hagu yana fuskantar alƙibla kamar yadda ake yi, an tona ɗan rami na jini. Yana tsugune yana wasa wuƙa a dutse. Baba na tsaye gefe, hannuwa a baya.

Abin da ke hannuna wani ƙarfe ne mai tsini cikin ɗan bututu. Ana soka shi a kwiɓin dabba har cikin tumbi, a zare ƙarfen a bar bututun, iska ta fita. Amma tumbi a hagu yake. Wurin da nake bukata shi ne suka danne a ƙasa.

"Baba, a dakata," na ce. "A juya mini shi. Hagunsa nake so."

Sarkin Fawa ya ɗago ya dube ni. "Malam mai alli, mi za ka yi mashi? Karatu za ka koya mashi? Wannan ya tahi. Kana juya shi rai na hita." Ya waiwaya wajen Baba. "Malam Mani, bar ni in yi aikina tun da sauran motsi. Kada ka yi biyu babu."

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya sani. Mutane suka hau cewa a yanka, a yanka. Idon Ɗan Sheme ya fara juyewa. Ni kuma na san in wuƙar nan ta sauka, makarantata aka yanka.

Baba ya matso. "Rabe, ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Na dai ga Malam Sada ya yi wa wata saniya."

"Ta tashi?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Ba ta tashi ba. An makara."

Wani ya yi salati, wani ya yi tsaki. Baba ya dubi Ɗan Sheme, ya dubi ramin da aka tona. Ya ce, "Na yanka da yawa a farin can. Na gaji. A juya shi." Sannan ya ce da Sarkin Fawa, "Kai kau zauna bisa wuyanshi da wuƙarka. In ka ga zai tahi, kada ka jira ni, kada ka jira alƙibla."

Aka kama ƙaho, aka kama wutsiya, Lawal ya sa kafaɗa, aka mirgina shi. Ya yi wani irin gurnani da na ɗauka na ƙarshe ne. Sarkin Fawa ya durƙusa ya ɗora wuƙa a maƙogwaronsa, bakinsa na motsi, bisimilla na jira a kan harshensa. Na lalubi wurin, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, inda a lafiya ake ganin ɗan lotsawa, yanzu ya zama tudu. Gumi na shiga mini ido. Na ɗora tsinin, na buga da tafin hannu. Fatar sa ba fatar akuya ba ce, ya ƙi shiga. Na ce Ya Allahu, na sake bugawa da iyakar ƙarfina. Ya nutse. Na zare ƙarfen.

Iskar da ta fito da ƙara ta fito, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, kuma na yi shekaru ina wannan aiki bayan nan. Masu jiran watanda suka dare, kowa ya toshe hanci da bakin riga, wani tsoho yana tambaya ko wannan na karya azumi. Sarkin Fawa kaɗai bai motsa ba, yana tari, hawaye na zuba, wuƙarsa na nan inda take.

Sai ƙarar ta tsaya. Koren kumfa ya toshe bututun. Cikin ya ɗan saki, amma bai isa ba. Na zura ƙarfen na buɗe, ya fesa mini a fuska, ya sake toshewa. Na tuna abin da Malam Sada ya ce, kumburin ɗanyen ganye kumfa ne, mai ke kashe shi.

"Man gyaɗa!" na ɗaga murya. "Wa ke da man gyaɗa?"

A shekarar nan tambayar man gyaɗa kamar tambayar zinariya ce. Sai na ga hannu ya miƙo ta saman danga riƙe da kwalba. Inna ce, ashe tana leƙe tun farko.

"Na Sallah ne hwa," ta ce. "In ya mutu da shi a ciki, kai da shi ban yahe ba."

Na tsiyaya shi ta bututun sannu a hankali, sauran na ɗura masa ta baki da ya ɗan ɗago kai. Muka kwance ƙafafunsa, muka tallabe shi ya zauna bisa ƙirji, na sa masa guntun ice a baki na ɗaure ta bayan ƙaho don ya yi ta tauna. Muka tsaya. Ladan ya yi kiran farko na Juma'a, ba wanda ya tafi. Can sai Ɗan Sheme ya miƙe wuya ya yi wata doguwar gyatsa. Ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba. Ya ƙara wata. Tudun nan ya fara sauka a kan idonmu.

Sarkin Fawa ya goge wuƙarsa a cinya ya mayar kube. "To, malam mai alli," ya ce, "ka hana mutane romo. Sai ka san abin da za ka gaya masu." Yana dariya ya faɗa, amma akwai waɗanda suka yi kwanaki suna amsa gaisuwata da ƙyar. Wata maƙwabciyarmu har ta riga ta aika a nemo mata barkono. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da sa na wani ne, da ina cikin masu jiran.

Na zauna cikin taɓo. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, amma tsoro bai sake ni ba, don huda tumbi na iya ruɓar da ciki daga baya. Washegari Malam Sada ya zo a kan baburinsa. Ya fara da zazzaga mini faɗa, wa ya ce in huda dabba ba ya nan. Ya tsuguna ya duba hudar, ya ce na yi ƙasa kaɗan, Allah ne ya rufa mini asiri. Ya yi wa Ɗan Sheme allura, ya nuna mini yadda zan riƙa wanke wurin da ruwan gishiri. Da zai tafi, yana taka babur, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Zan ba da shaidarka."

Ɗan Sheme ya yi kwanaki ba ya tuƙa, ya rame, yana tsaye kai a sunkuye. Na bar zuwa Ƙanƙara, ina wanke miki, ina korar ƙuda, ina dama masa dusa da kanwa. Gonar auduga da hannu muka ƙarasa ta, da azumi a baki, bayana kamar zai karye, kuma kowace kunya na ja sai in ce a raina wataƙila haka zan ƙare. Baba bai ce mini komai ba, ko sannu. Ana gobe Sallah da safe na zagaya na iske sa kwance yana tuƙa, yana lumshe ido kamar ba shi ya tayar mana da hankali ba. Miyar Sallarmu ba mai a shekarar nan, kuma Inna ta tabbatar kowa ya san dalili.

Hanyar ta yi nisa kamar yadda Malam Sada ya faɗa. Na yi makarantar aikin dabbobi, na yi share fage tare da yaran da na girme wa nesa, suna ce mini Baban Aji, kimistiri ya kusa kashe ni. Ranar da na fito likita har na fara furfura. Amma duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar safiyar da na bar gida.

An fara yankan gero a lokacin, gari ya yi ƙamshin tumu. Na ɗaure akwatina a keke, Lawal zai raka ni bakin hanya in jira mota. Baba yana bayan gida yana ɗaura wa shanun karkiya za a jawo amalanke. Na je na durƙusa. Tun ranar Juma'ar nan bai ta da maganar tafiyata ba, ni ma ban ta da ba, har a lokacin gabana na faɗuwa kada ya ce in bari sai baɗi.

Ya ja igiya ya ɗaure, ya gwada ta da hannu. Ya sa mini albarka a gajarce. Na miƙe na juya, har na kai bakin danga ya kira ni.

"Rabe."

"Na'am, Baba."

"In ka je, kada ka tsaya ga shanu kaɗai. Ka koyo har da na awaki. Uwarka na ta asararsu tun kahin a haihe ka, ba ta taɓa gaya ma kowa ba."